Kafin A Taɓa Ɗan Dara: Tarihin Shirin Ƴan Wasa Daga Gindin Bedi Zuwa Gasar Duniya

 

Yau tarihin namu ya faɗa kan wasa, amma wasan manya. A ƙarshen shekarar 2021 Nijar ta shiga sahun ƙasashen FIDE, hukumar duniya ta darar Turawa, wato wasan nan da muka sani a lekol da sunan eshek, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suke ce mishi ces. Yaranmu sun fara koyon shi a salula, suna kallon manyan ƴan wasa a intanet. Duk wanda ya kalla zai lura da wani abu: kafin a fara, wannan ya rufe ido ya yi tsit, wancan yana bin ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa alhali suna zaune daram, wani kuma ya kwance agogon hannu ya ajiye gefe. Me ya kawo haka? To, abin yana da tarihi mai tsawo, kuma wani ɓangare na amsar yana nan gindin itatuwanmu.

DARAR GIDA

Mu fara da tamu. Darar da muka gada gida talatin gare ta, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Mutum biyu ke yi, kowa da ƴaƴa 12. Ɗaya ya ɗauki tsinke ko guntayen kara, ɗayan ya ɗauki tsakuwa, ko ƙwallon aduwa, ko busasshen kashin raƙumi, don dai kada ƴaƴan su cakuɗe. In ka jera uku a layi, a tsaye ko a kwance, ka ci ɗan abokin wasa guda. Jerin huɗu ba ya ci, kuma ba a bin kusurwa. Wanda ƴaƴansa suka kasa uku, ya faɗi. Zabarmawa suna da ita, suna ce mata dili. Dakarkarin Zuru sun yi suna a kanta, Buzaye ma suna da irin tasu. Akwai kuma ɗaya darar mai gida 12 da ake zuba ƴaƴa huɗu-huɗu, amma yau ba kanta muke ba.

Abin da muke so a lura da shi shi ne abin da ke faruwa kafin cin farko. Darar gida ba ta da allon da za a ciro daga kwali, sai an gina ta. Mutum guda zai durƙusa ya share wuri, ya tsince ƙaya da ƙarangiya, ya baje rairayi da tafin hannu. In ƙasar ta cika sako-sako a yayyafa ɗan ruwa daga buta. Sannan ya bi da yatsu yana haƙa gurabe yana ƙirgawa. Abokin wasan nasa kuwa yana gefe yana karya tsinke, yana daidaita tsawonsu. Duk wannan lokaci gaisuwa ake yi: ya gida, ya iyali, ya raken fadama, nawa aka sayar da tiyar hatsi ranar kasuwa. A cire takalmi, a naɗe ƙafa, a fasa goro a miƙa wa na kusa. Ba mai gaggawa. Kafin a gama, wanda ya taho da ɓacin rai daga gida ya huce, kowa kuma ya karanci fuskar ɗan'uwansa, ya san ko yau a natse yake ko hankalinsa na wani wuri.

Bayan nan sai zubi. Kowa ya ajiye ɗa guda, ɗaya bayan ɗaya, har ƴaƴa 24 su shiga, gida shida kawai ya rage babu kowa. A lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba, balle ka ci. Baƙo zai ɗauka ba a fara wasa ba tukuna, amma gwanaye sun san nan ake cin dara, nan kuma ake faɗuwa. A zubi ne mutum yake ɗana abin da ƴan dara ke kira doki, wato jerin da in ka matsa ɗa guda gaba ka ci, ka dawo da shi baya ka sake ci, abokin wasa yana kallo ba yadda zai yi. Darajar dokin nan ta kai a wasu wurare sunan wasan ma gaba ɗaya doki. Wanda kuma ya yi zubin garaje, yakan toshe wa kansa hanya da ƴaƴansa, har ya ga abin da ya shirya wa wani ya dawo kansa. Ba banza ba Bahaushe yake cewa dara ta ci gida.

Darar ma tana da lokacinta. Wasan rani ce, bayan an kai amfani rumbu. Magidancin da aka gani bakin dara ana tsakiyar noma, ya san maganar da za ta biyo bayansa. Dattawa kuma sun yi mata iyaka: ba a aza kuɗi, ba a zagi, in an kira salla a tashi a bar ƴaƴa a gurabensu, kuma ba mai taɓa su sai an dawo. Ƴan kallo suna da izinin tsokana da ba'a, amma ba su da izinin sa hannu.

DAGA INDIYA ZUWA BARNO

Ita kuwa darar da muke ce wa ta Turawa, asalinta ba Turai ba ne. A Indiya ta fito, wajen ƙarni na 6, da sunan caturanga. Ta shiga Farisa, daga nan Larabawa suka karɓa suka ce mata shaɗaranji. Gida 64 gare ta, kowane ɓangare ƴaƴa 16: sarki, waziri, giwaye biyu, dawakai biyu, karusai biyu, da dakaru takwas. Wazirin nan shi ne Turawa suka mayar sarauniya, suka ƙara mata ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 15. Giwar kuma ita ce Faransawa suka mayar wawan sarki.

A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, aka yi gwanaye na farko da tarihi ya riƙe sunansu. Akwai Al-Adli a ƙarni na 9, wanda ya rubuta littafi a kan wasan, sai As-Suli wanda ya yi fice a fadar Halifa Al-Muktafi, ya rasu a 946. A shaɗaranjin wancan zamani ƴaƴa ba su da saurin tafiya, don haka kowane ɗan wasa yakan ɓata tafiya goma sha wani abu na farko yana jera rundunarsa, ba tare da ya damu sosai da abin da ɗan'uwansa ke yi ba. Wannan jeri suna ce mishi ta'abiya, wato shirin mayaƙa kafin gumurzu. Kowane jeri da sunansa: akwai mujannah, mai fukafukai; akwai sayyal, ambaliya; akwai masha'ikhi, na shehunnai. Gwani yakan hardace su tun a gida, ya zo da wanda ya zaɓa a ransa. Kun ga ke nan zubin darar gida yana da ɗan'uwa a Bagadaza tun fiye da shekara dubu.

Habashawa ma sun karɓi wasan, suna ce mishi santaraj, kuma sun yi mishi wata al'ada tasu. A farkon wasa ba a jiran juna. Kowa ya yi ta tura ƴaƴansa yadda yake so, da sauri ko a hankali, har sai an yi cin farko, sannan a koma bi da bi. Wannan lokaci suna kiran shi warara, wato gangamin yaƙi.

Malamai sun yi magana a kan shaɗaranji tun da wuri. Imamu Malik ya ƙi shi. Imamu Shafi'i ya sassauta, malaman mazhabarsa kuma suka gindaya sharuɗɗa: kada a sa caca, kada ya hana salla a kan lokaci, kada ya jawo alfasha. In kun duba, kusan iyakar da dattawanmu suka yi wa darar gida ke nan.

Abin da da yawa cikinmu ba su taɓa ji ba shi ne, shaɗaranji ya iso har maƙwabtanmu. A Barno, wadda Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, an yi wannan wasa a gidajen sarauta da sunan tsatsarandi. Barebari sun ba ƴaƴan sunayen fadarsu: sarki shi ne mai, na kusa da shi ciroma, na kusurwa kaigama, ga kuma doki. Waɗannan sarautu ne da kunnenmu ya saba da su a fadar Damagaram. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Meek ya rubuta bayanin wasan a 1934, wasu suka ƙara a 1939, kuma a lokacin masu iya shi sun ragu ƙwarai. Yau in ka shiga Maiduguri kana tambayar tsatsarandi, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

ZAMANIN GASA DA AGOGO

Gasar ƙasa da ƙasa ta farko an yi ta a Landan a 1851. A 1883, a Landan ɗin dai, aka fara amfani da agogo mai fuska biyu, kowane ɗan wasa da lokacinsa, in ya ƙare ka faɗi ko da kai ke kan gaba. A 1886 aka yi karon farko na shampiyon duniya a Amurka, Steinitz ya ka da Zukertort. FIDE kuma aka kafa ta a Paris a 1924. Daga nan wasa ya zama sana'a. Mutum zai zauna awa biyar ko shida a kujera guda, kuskure ɗaya ya rushe aikin wata da watanni. Dole kowa ya nemo dabarar da zai shigo zaure da hankalinsa a tattare.

Wanda ya mayar da wannan shiri ilimi shi ne Mikhail Botvinnik na Tarayyar Sobiyet, injiniyan lantarki, wanda ya zama shampiyon duniya a 1948. Ranar wasa komai nasa a kan tsari yake: lokacin cin abinci, lokacin duba littafi, lokacin kishingiɗa, sannan ya taka da ƙafa zuwa zauren gasa don jini ya motsa, kai ya washe. A zamaninsa ana shan taba a bakin allo, shi kuma ba ya sha, hayaƙin yana damun shi. Maimakon ya tsaya ƙorafi, sai ya sa abokin atisayensa Ragozin ya dinga busa mishi hayaƙi a fuska suna wasa, har ya saba. Haka ya yi da surutu: ya kunna rediyo da ƙarfi yana atisaye, don hayaniyar zaure ta daina ɗauke mishi hankali. Mu ma'aikatan rediyo mun ji daɗin wannan labari, ko da yake ba don sauraro ya kunna mu ba. Sau biyu ana ƙwace mishi kambi, a 1957 da 1960, sau biyu yana komawa gida ya yi nazarin wanda ya ka da shi, ya dawo bayan shekara guda ya karɓe abinsa.

Akwai kuma masu camfi. Alexander Alekhine, ɗan Rasha da ya koma Faransa, yana da kyanwa da ya raɗa wa sunan wasan. A karonsa da Max Euwe a Holan a 1935, yakan zo da ita zaure, ya bar ta ta shinshina allo kafin a fara. Kyanwa dai ba ta hana shi faɗuwa ba. Euwe, malamin lissafi ne mai tsararriyar rayuwa, ya ci shi da maki 15 da rabi, shi yana da 14 da rabi. Alekhine ya koma ya bar barasa, ya gyara jikinsa, ya zauna ya yi aiki, a 1937 ya karɓo kambinsa.

Garry Kasparov, wanda ya zama shampiyon a 1985 yana da shekara 22, shi lamba 13 ya riƙe. Ranar 13 ga Afrilu aka haife shi, kuma shi ne shampiyon duniya na 13. In ya zauna sai ya bi ƴaƴansa duka ya daidaita kowane a tsakiyar gidansa, ya kwance agogon hannu ya ajiye a tebur. In aka ga ya ɗauki agogon yana ɗaurawa, ƴan kallo sun san ya gama lissafi, saura abokin wasa ya miƙa hannu. Magnus Carlsen na Norwe, wanda ya riƙe kambi daga 2013 zuwa 2023, shi ma ba ya fara tafiya sai ya gyara zaman ƴaƴansa, ko da agogonsa yana ci.

Gyaran ƴaƴan nan yana da dalili a doka. Ƙa'idar wasan ita ce, in lokacin tafiyarka ne ka taɓa ɗa da gangan, dole ka tafi da shi. In gyara kawai kake so ka yi, sai ka faɗa tukuna, kuma kalmar da duniya ta sani ta Faransanci ce, j'adoube, wato ina gyarawa. Don haka mai hankali yakan gama gyare-gyarensa tun farko. A lokaci guda kuma hannu ya saba da ƴaƴan, numfashi ya daidaita, kamar dai mai baje rairayi a gindin bedi.

Na baya-bayan nan shi ne Gukesh, yaro ɗan garin Chennai na Indiya. Yakan iso da wuri, ya zauna, ya rufe ido, kamarori suna ta walƙiya a kansa ko gezau. Ranar 12 ga Disamba 2024, a Singafo, ya ka da Ding Liren na Sin da maki 7 da rabi da 6 da rabi, ya zama shampiyon duniya yana da shekara 18, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa yi a wannan kambi. Yana kuka don murna, amma bai tashi ba sai da ya mayar da ƴaƴan allo kowane gidansa. Kullum haka yake yi, ya ci ko an ci shi.

MASU NEMAN RUƊA ABOKIN WASA

Duk waɗanda muka lissafa, abin da suke yi kansu suke yi wa. Akwai wani kashi na daban, wanda ake yi don a karya zuciyar na gaba, ko kuma don tsoron kada a karya taka. Nan ne rigingimu suka fi yawa a tarihin wasan.

Mikhail Tal, ɗan garin Riga, yana da wani irin kallo mai kaifi da yake kafe abokin wasa da shi, har aka fara cewa yana juya tunanin mutane. A gasar 1959 a Yugoslabiya, Pal Benko ya zo da baƙin tabarau don kare kansa. Tal ya aro wani ƙaton tabarau shi ma ya ƙwama, zaure ya fashe da dariya. Tal ne ya ci gasar, a 1960 kuma ya zama shampiyon duniya.

A 1972, a Reykjavik ta ƙasar Ayislan, Bobby Fischer na Amurka ya kara da Boris Spassky na Sobiyet, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Fischer ya iso a makare, ya yi ƙorafi kan kamarori da fitilu da motsin ƴan kallo. Ya faɗi wasan farko, ya ƙi zuwa na biyu aka ba Spassky. Spassky ya yarda a yi na uku a wani ƙaramin ɗaki ba ƴan kallo, daga nan kuwa reshe ya juye da mujiya. Da mutanen Sobiyet suka ga nasu yana ta faɗuwa, sai suka ce a binciki zauren, ko an sa wani sinadari ko na'ura. Aka ɗauki hoton cikin kujeru irin na asibiti, aka kwance fitilu. Abin da aka samu shi ne matattun ƙudaje biyu. Fischer ya ci da 12 da rabi, Spassky 8 da rabi.

Wanda ya fi duka shi ne karon 1978 a Baguio ta Filifin, tsakanin Anatoly Karpov da Viktor Korchnoi, wanda ya gudu daga Sobiyet shekara biyu kafin nan. Ɓangaren Karpov suka zo da wani likitan tunani mai suna Zukhar, ya zauna a sahun gaba yana zura wa Korchnoi ido. Korchnoi ya sa tabarau mai madubi, ya kuma ɗauko wasu masu zaman zuzzurfan tunani suka shigo zaure. Aka kawo wa Karpov yawur ana cikin wasa, ɓangaren Korchnoi suka rubuta ƙara cewa ƙila saƙo ne a ɓoye, har sai da alƙalai suka kafa ƙa'idar lokacin da za a kawo abinci. A wasa na takwas Karpov ya ƙi ba da hannu. Wata uku ana wannan, wasa 32, Karpov ya tsira da ci 6 da 5. Wallahi in ka karanta labarin sai ka rantse a filin kokowa aka yi shi.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa dokar abin da ake yi kafin wasa ta yi tsauri. A 2003, a Bulgeriya, salular Ruslan Ponomariov ta yi ƙara ana cikin wasa, yana riƙe da kambin FIDE a lokacin, aka ce ya faɗi. A Janairun 2008, a Wijk aan Zee ta Holan, Nigel Short na Ingila ya miƙa wa Ivan Cheparinov hannu sau biyu ya ƙi karɓa, arbit ya ba Short wasan. Sai da Cheparinov ya rubuta takardar ban haƙuri aka sake zama washegari, aka gaisa, Short ya ci shi a kan allo. A wannan shekara kuma, a babbar gasar ƙasashe ta Dresden a Jamus, aka sa dokar cewa wanda ba ya kan kujerarsa lokacin da aka ce a fara, ya faɗi. Kun ga gaisuwa da zuwa a kan lokaci, waɗanda mu tarbiyya ce ta koya mana, can sai da aka rubuta su da hukunci.

ABIN DA FILIN KOKOWA YA KOYA MANA

Mu ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga wannan. Tun 1975 da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, muke kallon shirin ƴan wasa da idonmu. A filin Langa-Langa na Damagaram ko a talbijin, mun ga ɗan kokowa ya fito da guru da kambu da layu, ya sha rubutu ya shafa, makaɗa suna zuga shi, ya yi kirari, ya durƙusa ya dafa ƙasa, ya ƙi yarda ya riga abokin karo shiga fili. Arbit yana ta busa, su kuma suna ta jan lokaci. Duk da haka, kowa ya san cewa wanda ya ɗauki takobi sau da dama, irin su Isaka Isaka na Doso, akwai watanni na gudu da atisaye da nazarin kamun abokan karo a bayansa. Laya kowa yana da ita a filin nan, har wanda aka kayar a zagayen farko.

Haka tarihin eshek ya nuna. Kyanwar Alekhine ba ta ci mishi wasa ba, barin barasa da aiki ne suka dawo mishi da kambi. Tabarau bai tsare Benko daga Tal ba, kuma ba wanda ya samu komai a kujerar Fischer. Abin da ya ɗore daga Bagadaza zuwa Singafo shi ne mutum ya zo da shirinsa tun daga gida, ya sami ɗan abin da zai yi da hannunsa ko numfashinsa har zuciya ta kwanta, ya girmama wanda ke gabansa. Waɗannan duka darar gida tana koyar da su kyauta, tun kafin a ajiye ɗan farko.

INA MUKA KWANA?

Yanzu mu koma kan tsatsarandi. Wasa ne na fada, mai tarihi, a daula mai ƙarfi, amma ya mutu. Ba yaƙi ne ya kashe shi ba, ba kuma doka aka kafa ba. Tsofaffin da suka iya ne suka tafi ɗaya bayan ɗaya ba su bar magada ba.

Mu duba fadojinmu na yau a nan Matamaye. Shayi yana kan gawayi, belot da lido suna gudana, sauran kuma kowa ya sunkuya kan salularsa. Darar gida ta koma hannun masu furfura, su ma wurare ƙalilan. Matashi ɗan shekara 20 da zai iya haƙa gida talatin daidai ya yi zubi mai ma'ana, sai an tona. Wasan salula ba ya buƙatar share wuri, ba gaisuwa, ba kallon fuska. Ka danna, a haɗa ka da wanda ba ka sani ba, in ka ga za ka faɗi ka kashe ka sake wani. Mafi muni, wasu sun tsallake zuwa cacar ƙwallo, inda ba wani shiri sai zaton sa'a, jika biyu ta tafi yau, gobe a ranto wata. Yaron da bai taɓa zama ya sha kaye a gaban jama'a ya tashi ya ba wani wuri yana dariya ba, ranar da rayuwa ta ka da shi abin zai zo mishi da nauyi.

Ba muna cewa a bar eshek ba ne. A koye shi, a ƙware. Afirka ta fara fitar da manya: Amon Simutowe na Zambiya ya kai matsayin babban gwani na duniya, Bassem Amin na Masar yana karawa da na sahun gaba, Tunde Onakoya kuma tun 2018 yake koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas, har ya zauna awa 60 yana wasa a New York a Afrilun 2024 don tara musu kuɗin karatu. Ba abin da zai hana yaro ko yarinya daga Kance ko Ɗan Barto su bi sahu. Amma yaron da ya fara da darar gida zai isa allon Turawa da abin da wasu suke biyan masu horo su koya musu: haƙuri, karatun fuska, da sanin cewa zubin farko shi ke yanke hukuncin ƙarshe.

Shawararmu ga shugabannin fadoji da malaman lekol da na komin mai sauƙi ce, kuma ba ta cin kuɗi. In rani ya kama, kowace unguwa ta ware yamma ɗaya a mako, a gayyato dattijon da ya iya dara ya zauna da matasa. A fara daga share wuri da haƙa gurabe, kada a zana musu a kwali a miƙa musu. Masu salula su ɗauki muryar dattawan nan da hoton zubinsu, a rubuta sunayen gwanayen da aka yi a kowane gari da sunayen da suke ba dabarunsu, tun masu sanin suna raye. Daga nan a shirya gasa tsakanin unguwanni, allon eshek a gefe guda, darar ƙasa a gefe guda, doka iri ɗaya: a zo a kan lokaci, a gaisa kafin a fara, a gaisa bayan an gama, ba kuɗi a tsakani, wanda ya tashi kuma ya gyara wuri don na bayansa.

Dattawanmu masu dara da ke gindin bedi da bakin kasuwa, muna gaishe ku da girmamawa, kuma muna roƙo in yaran nan sun zo ku matsa musu su zauna. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.